Hayaƙin Bola da Haƙƙin Maƙwabci



Mukan ɗora alhakin gurɓacewar iskar Kano a kan hazon hunturu. To, ƙurar Sahara ba mu da iko a kanta, amma wa ya tilasta mana ƙona bola da ledoji a ƙofar gida? A fahimtata, wannan cutar da maƙwabci ce, kuma Shari'a ta hana ta. Ƙananan ɓurɓushin hayaƙin sukan ratsa huhu har su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska tana halaka kimanin mutum miliyan 7 duk shekara.

Mai ciwon asma ya sanya takunkumi ranar hazo. Janareta kuwa a nisanta shi daga taga, domin gubarsa ba ta da wari.

Wallahu a'alam.