Haruffan da ba su da uba ɗaya

Masu cewa taƙaitattun haruffan Faransanci su ne harshen kimiyya na duniya, don haka ba a taɓa su, ya kamata su zauna aji ɗaya da yaran Olelewa ko Belbeji. Ɗan kwaleji ya san PC darasin fizik da shimi ne. Ran da ya sauka Damagaram, mai shago zai ce masa PC kwamfuta ce, soja kuwa da PC yake kiran mazaunin kwamandansa. To, ina duniyancin?

AES ta fi muni. A bakin ma'aikacin likita, hatsari ne: allura ta soke shi, jinin majinyaci ya taɓa nasa. A bakin masanin kwamfuta, tsarin kulle bayanai ne da Amurka ta amince da shi a 2001. A rediyo kuma, tun Satumba 2023, ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso ne. Yaron da ya haddace haruffan nan uku, wanne ya haddace?

Laifin na malamin da ke zuba haruffa a allo ba warwarewa ne, wai nan ne gwaninta. Talakawa ma sun fi shi hikima, domin da SIDA ta iso sun raɗa mata ƙanjamau, sunan da ba ya ruɗa kowa.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ƙungiyoyin malamai ba su da sauran hujjar jinkirta ƙamus ɗin da zai warware kowace taƙaitawa da Hausa, fanni fanni.