Tsarkin Tsoho Ba Wurin Nuna Arziki Ba Ne

A Samaru da Sabon Gari akwai gidaje da dama inda ma'aikaci yake zaune da tsohonsa da ya ɗauko daga ƙauye domin jinya, saboda kusanci da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Maganar abinci da magani kowa yakan yi ta a fili. Wadda kunya take hana a faɗa ita ce ta kewayawa. Dattijon da ya yi shekara 70 yana ɗaukar butarsa da kansa, ranar da ciwon gwiwa ko shanyewar ɓarin jiki ta sa sai ɗansa ko surukarsa ce za ta yi masa tsarki, abin yakan fi ciwon kansa yi masa zafi. Har akwai masu rage shan ruwa da cin abinci don kada su nemi a kai su bayan gida.

To, shi ya sa batun kayan tsarki na zamani ya cancanci tunani, ba a faɗa shagon kayan famfo a Sabon Gari a ɗauko mafi tsada ba. Alal misali, kwanon nan na tangaran da Turawan Faransa suka ƙirƙiro, wanda ake girkawa kusa da masai, bai dace da marar ƙarfi ba ko kaɗan, domin sai ya miƙe daga masai ya sake zama a kansa, a wurin da santsi ya yi yawa. Murfin masai mai fesa ruwan ɗumi, irin wanda kamfanin Toto na Japan ya fitar a 1980, yana da kyau ga wanda hannunsa ya mutu, tunda maɓalli kawai zai danna. Amma fa da lantarki yake aiki, kuma sanin kowa ne wuta ba kullum take zama ba.

Wanda ya fi dacewa da yawancin gidaje shi ne ɗan tiyo mai kan feshi, irin wanda alhazai suke gani a Makka da Madina. Yana da araha, kuma aikinsa bai yi nisa da na buta ba, saboda haka tsoho ba zai ƙyamace shi ba. Sai dai a gwada kafin a saya. Idan yatsunsa ba za su iya matse kan ba, kuɗi sun tafi a banza. A kafa shi ta ɓangaren hannun da yake da lafiya, ba inda mai gyaran famfo ya ga ya fi masa sauƙi ba. Haka kuma ba ya aiki sai da ruwa mai zuwa da ƙarfi, kamar na tanki a sama, kuma ruwan baƙin tanki yakan yi zafi da rana a watan Maris da Afrilu, ya yi sanyi ƙarara da asuba lokacin hunturu. Mai ciwon sukari, wanda wani lokaci fatarsa ba ta jin zafi sosai, wajibi ne a taɓa masa ruwan tukuna.

Duk da haka, abin da yake kayar da tsofaffi ba rashin tiyo ba ne, tsuguno ne. Masai na zama tsayinsa kamar santimita 40 ne, ga mai ciwon gwiwa kuwa gara ya kai 45 zuwa 50. Inda masai na tsuguno ne, kafinta ko mai walda a Samaru zai iya yin kujera mai rami a tsakiya da kuɗi kaɗan. A kuma dasa ƙarfen dafawa a bango, a kuma cire sakatar ciki don a iya shiga idan ya faɗi. Buta kuwa ta zauna cike a inda hannunsa zai kai, domin ranar da tanki ya ƙafe.