Ranar Haihuwa Ɗaya Ba Hujjar Maguɗi Ba Ce

Jama'a, akwai wata magana da ke tashi duk lokacin da aka liƙa jerin sunayen 'yan jam'iyya a mazaɓa, ko a Magami ko a Wanke ko a Tsafe. Wani zai bi da yatsa, ya ga mutum biyu ranar haihuwarsu ɗaya, sai ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp: ga sunayen bogi an kama! Don Allah mu daina kai wannan a matsayin ƙorafi. Ba ya tsayawa.

Ku ɗauki wasan ƙwallo: 'yan wasa 22 da alƙalin wasa, mutum 23 ke nan. Damar a samu biyu daga cikinsu da suka haɗa rana da wata ta ɗan haura rabi, kusan kashi 51 cikin 100. Na san za a ce ai kwanan shekara 365 ne, ina 23 ina 365? To ba kai kaɗai ake gwadawa da sauran ba. Kowa ake gwadawa da kowa, kuma mutum 23 idan aka haɗa su bibbiyu, haɗi 253 ake samu. Idan suka kai 50, damar ta kai kashi 97. Takardar da ke da suna 500 kuwa dole ne a yi karo, tunda kwanakin ba su isa kowa ya samu nasa ba. Wallahi jerin da ba a ga karo ko ɗaya a ciki ba, shi ya kamata a tuhuma.

Sai batun 1 ga Janairu. Wannan kam ba sa'a ba ce, aikin mai rubutu ne. Dattijon ƙauye ya san an haife shi da kaka, ko cikin watan azumi, ko shekarar wata yunwa, amma ba shi da takardar haihuwa. Yaron da ke riƙe da kwamfuta sai ya buga 1/1 ya wuce na gaba. Mutumin nan yana raye, yana noma, kuma zai fito layi ranar zaɓe. Ka kira shi na bogi, ka rasa ƙuri'arsa da ta gidansa.

Abin da ke kama rajista biyu daban ne: hoton fuska ɗaya, zanen yatsa ɗaya, lambar NIN ɗaya a kan suna biyu. Da zanen yatsa da fuska INEC ta soke sabbin rajista sama da miliyan 2.7 a 2022, ba da ranar haihuwa ba.

Mu Zamfarawa mun ga abin da takarda ke yi. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta rushe nasarar APC a jihar nan gaba ɗaya a kan zaɓen fidda gwani, kujeru suka koma hannun PDP. Alƙalai takardu suka duba. Don haka wanda ya ga sunan da bai yarda da shi ba a jerin mazaɓarsa, ya rubuto sunan da lambar katin, ya nemo mai unguwar da zai ce ya san mutumin ko bai san shi ba.