Tsiro a Ƙwarya Alheri ne, a Rumbu Hasara ce

Jama'a, kowa a Garo ya san in mata za su yi kunun zaƙi sukan jiƙa dawa, su rufe ta har ta tsira, su shanya, su niƙa. Da an barbaɗa garin tsiron nan cikin kunu mai kauri da ɗuminsa, sai ya tsinke, ya yi zaƙi ba da sukari ba. Me ya kawo haka?

Ƙwayar dawa yawancinta sitaci ne, shi kuwa sitaci sukari ne da aka jera kamar 'ya'yan carbi. Da danshi ya ratsa ƙwaya sai ta farka, ta fid da wani sinadari wanda masana ke kira amilas, ya dinga datse carbin nan gunduwa-gunduwa don ɗan tsiro ya sami abinci. Waɗansu Faransawa biyu, Payen da Persoz, su suka fara ware shi daga tsiron sha'ir a 1833. Har a miyaunmu akwai irinsa.

To, ga inda maganar take. Ƙwaya ba ta san bambancin ƙwaryar uwargida da rumbun maigida ba. In ka jibge dammuna a ƙasa mai laima, ko ka zuba su rumbu ba su bushe ba, aikin nan zai tashi. Dawa ta ɗau zafi, ta ci kanta, nauyinta ya ragu, funfuna ta biyo baya. Tuwonta ma ba ya kamawa. Ciji ƙwaya tukuna: in ta ce ƙaras, zuba, in haƙori ya nutse, mai da ita rana.

Amma ni a ganina laifin ba na manomi kaɗai ba ne. Muddin 'yan kasuwar Gwarzo da Kabo suna auna busasshiya da mai laima kuɗi ɗaya, wa zai ɓata kwana yana shanya? Ku bambanta farashi, ku ga aiki.

Fatake da mahauta, ku ma da naku. Dabba tana ajiye nata sitacin, wanda ake kira gilaikojin, a hanta da tsoka. San da aka koro daga nesa a guje ya riga ya ƙone ajiyarsa. In an yanka shi nan take, naman yakan yi duhu, ya lalace da wuri. Ku ba shi ruwa da harawa, ya huta tukuna.