Bai Kamata Ƙarfen Sabis Ya Tambayi Matafiyi Layinsa Ba

Makon jiya na je ta'aziyya wani ƙauye da ke bayan Doguwa, ɗan yayana ne yake tuƙa ni. Mun bar Kano bayan azahar, ya maƙala wayarsa a jikin gilashin gaba, ya buɗe taswirar Google, muna tafe tana faɗa mana inda za mu karya. Har Tudun Wada lafiya lau. Muna shiga dajin Falgore sabis ya fara rawa, sanda uku ta koma ɗaya, ɗayar ma ta ɗauke. Ban damu ba, domin wayar ta riga ta haddace hanyar tun daga gida. Matsalar ta taso ne bayan mun sauka daga kwalta, inda muka tarar ruwa ya cinye kwalbati, dole muka sake hanya. Daga nan taswira ta kasa zana mana wata, sai ɗigon nan shuɗi kawai yana yawo a fili fetal, ga rana tana shirin faɗuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a kan wani tudu da ke gabanmu ga ƙarfen sabis nan tsaye, har jar fitilarsa muna hange. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Muna cikin haka wani ɗan acaba ya tsaya ya ce, "Sannunku da hanya, Alhaji. Wane layi ne da ku?" Da muka faɗa masa sai ya girgiza kai ya ce, "Ai nan wannan ba ya kamawa, sai ɗayan." Ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, ya ce mu cire sim ɗinsa mu saka a tamu. Sai yaron nan ya ce, "Baffa, ba zai yiwu ba. Wayata kullalliya ce daga Amurka, da wani siririn cip aka lallaɓa ta ta karɓi layina. In na taɓa, sai mun koma wajen mai gyara." Tawa kuwa layinmu ɗaya da shi, kuma ba taswira a cikinta. A ƙarshe da wayar bawan Allahn nan na kira gidan rasuwa, shi ne kuma ya shige gaba muka bi ƙurarsa har ƙofar gida.

Tun da na dawo nake juya wannan lamari. Ƙulli biyu ne suka ɗaure mu a ranar. Na farko, waya an ɗaure ta da kamfanin da yake wata nahiya. Na biyu, mu kanmu an ɗaure mu da kamfanin da ba shi da ƙarfe a wannan tudu. Dukansu kuma tushensu ɗaya ne, wato tunanin cewa mai waya dukiyar kamfani ne, ba mai sayen hidima ba.

Kulle waya ba jiya aka fara ba. Lokacin da Apple ya fito da iPhone a 2007, a Amurka kamfanin AT&T kaɗai ne yake da ikon ɗora ta a kan layinsa, kuma haka aka ci gaba har watan Fabrairun 2011 da Verizon ya shigo. Duk mai son wayar dole ya rungumi layin, ko da kuwa a unguwarsu ba ya kamawa. Amurkawa ba su yi shiru a kan kulle waya ba, sun yi ta matsa lamba har a 2014 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum buɗe wayarsa. Amma har yau kamfanonin can suna sayar da waya bashi a kulle, kuma da yawa daga irinsu ne suke ƙarewa a kasuwanninmu da sunan 'yar kwatano mai sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. Duk wanda zai sayi irin wannan waya ya sa mai shago ya gwada masa layi biyu ko uku a gabansa kafin ya ƙirga kuɗi.

Wannan ƙullin na farko mai saye yana iya kauce masa. Na biyun ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tun da aka fara wayar salula ta GSM a Najeriya a watan Agustan 2001, kowane kamfani da inda sabis ɗinsa yake da ƙarfi da inda ba ya kai wa. Talaka ya daɗe da gane haka, shi ya sa waya mai layi biyu ta mamaye ƙasar nan, kuma da ita Tecno ya yi suna a Afirka. Dubi direbobin tasha, da wuya ka ga mai layi ɗaya. Sun san daga wace gada ake sauya layi, sun san a gindin wace bishiya ake tsayawa a yi kira. A watan Afrilun 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa. Mataki ne mai kyau, sai dai sauya kamfani ba abu ba ne da ake yi a tsakiyar daji da magariba. Wanda motarsa ta mutu a Falgore, ko wadda naƙuda ta kama a hanyar asibiti, ba sauya kamfani suke nema ba. Minti biyu na kira suke nema a kan ƙarfen da yake kusa da su, ko na waye.

Mun riga mun saba da irin wannan tsari a wani fanni. Katin bankinka yana fitar da kuɗi a na'urar wani banki, a cire maka ɗan abin da za a cire, bankunan su sasanta a tsakaninsu. Ba a taɓa cewa ka kwana da yunwa don bankinka ba shi da reshe a garin ba. A harkar waya ma fasahar tana nan, ita ce take sa layinka na Najeriya ya kama sabis idan ka sauka Jidda ko ka tsallaka Maraɗi. Abin mamaki ne layi ya yi aiki a ƙasar waje amma ya mutu a jihar da aka yi masa rajista. Kuma ba a ce ba a fara ba. A 2025 NCC ta amince da yarjejeniyar shekara uku da ta ba masu layin 9mobile damar hawa kan sabis ɗin MTN, kuma a watan Maris na shekarar MTN da Airtel suka sanar da yarjejeniyar amfani da kayan aikin juna a Najeriya da Yuganda. Ashe idan kamfanoni sun ga riba, hanya tana samuwa. Abin da nake kira gare shi shi ne hukuma ta wajabta wannan a kan manyan hanyoyi da ƙauyukan da ƙarfe ɗaya ne kacal ke cikinsu, ba sai ranar da 'yan kasuwa suka ga dama ba.

Na san kamfanoni suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Kafa ƙarfe a daji kuɗi ne masu yawa. Galibinsu da janareta suke aiki dare da rana, ga tsadar gas, ga ɓarayin batir, ga 'yan kwangilar hanya da suke yanke wayar intanet da ke binne a ƙasa, ga wuraren da ma'aikaci ba ya iya shiga saboda 'yan bindiga. Wanda ya sha wannan wahala zai ce don me abokin gasarsa zai zo ya ci a ɓagas? Amsar ita ce ba kyauta za a hau ba. Hukuma ta yanke farashi mai adalci da kamfani zai biya ɗan'uwansa a kan kowane minti da kowace data. Ta haka ƙarfen da yake cin gas don mutum ɗari biyu zai samu ƙarin ciniki daga duk motar da ta gifta. Inda kuma babu ƙarfe sam, ai don haka aka kafa asusun USPF a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, domin kai sabis inda riba ba za ta kai shi ba. A watan Janairun 2025 an amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, bisa alkawarin inganta aiki. Mun biya. Muna da haƙƙin mu tambayi kilomita nawa na hanyoyinmu ne suka samu sabis da wannan ƙari.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ya rage wa matafiyi. Mutane da yawa ba su san cewa wayar ba ta buƙatar sabis kafin ta san inda take ba. Taurarin ɗan'adam na GPS da suke shawagi a nisan kilomita kusan 20,000 ne suke aiko da saƙo, wayar ta saurari aƙalla huɗu ta lissafa matsayinta, ba kati ba data. Shi ya sa ɗigon shuɗin nan bai ɓace mana ba. Zanen hanyoyin ne yake zuwa ta intanet. Da mun sauke taswirar yankin a cikin wayar tun muna gida, abin da Google Maps yake ba da dama a yi cikin 'yan mintoci, da ta iya zana mana wata hanyar ko babu sanda ɗaya. Duk mai shirin doguwar tafiya ya yi wannan, ya riƙe layi na biyu, ya cika caji, ya kuma sanar da wani hanyar da zai bi da lokacin da yake sa ran isa.

Ko an yi duk wannan, kada direba ya miƙa wa waya hankalinsa. Taswira hanya mafi kusa ta sani. Ba ta san wadda ruwa ya yanke jiya ba, ba ta san wadda mutanen gari suka daina bi bayan la'asar ba, kuma a halin da Arewa take ciki wannan sanin shi ne bambancin isa gida da akasin haka. Tsaya a tasha ka tambayi 'yan kamasho, ka gaisa da mai shayi da mai faci. Matambayi ba ya ɓata.

Da muka isa, na miƙa wa ɗan acaban nan kuɗin mai ya ƙi karɓa, ya ce ai ta'aziyya muka zo, Allah Ya ji ƙan mamaci. Bai tambaye mu daga ina muke ba kafin ya ba mu wayarsa, ya ga matafiya ne a cikin damuwa, shi ke nan. Abin da nake nema daga hukuma da kamfanoni bai wuce wannan ba: ƙarfen da yake tsaye a bakin hanya ya amsa kiran duk wanda ya biyo ta gabansa, lissafi ya biyo baya. Allah Ya kai matafiyanmu gida lafiya.