Garkuwar da uwa ke ba jariri aro ce, tana ƙarewa

A matsayina na malamin makaranta, iyaye kan ce mini a zangonmu: "Ai jaririn da ke shan nono ba ya buƙatar allura." Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce, kuma rabin da aka bari yana iya cin ran yaro.

Jinin uwa yana ɗauke da wasu sinadarai na garkuwa da jikinta ya ƙera bayan ta yi wata cuta ko an yi mata riga-kafi. Wani nau'insu da likitoci ke kira IgG yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, galibi a watanni 3 na ƙarshen ciki. Shi ya sa bakwaini ke zuwa da ƙarancin kariya. Shi ya sa kuma ake yi wa mai ciki allurar tetanus a wurin awo: garkuwar da ta samu ce za ta kare jaririn idan ƙwayar cutar ta shiga ta cibiya.

Bayan haihuwa sai dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda har yau wasu kakanni ke cewa a matse a zubar, wai ƙazanta ne. Haba Hajiya! A cikinsa ne IgA ya fi yawa, shi ke shafe hanjin jariri ya tare ƙwayoyin gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa.

To amma garkuwar da ta bi ta mabiyiya raguwa take yi wata bayan wata, kuma nono ba ya mayar da ita cikin jini. Dole jikin yaro ya koyi ƙera tasa. Aikin riga-kafi ke nan, a sati 6, 10 da 14, sannan ta ƙyanda a wata 9, lokacin da garkuwar uwa ta ja baya yadda allurar za ta kama sosai.

Don haka magidanta, ku ba da kuɗin mota da izinin zuwa awo. Limamai, ku faɗi wannan a wurin suna. Iyaye mata, ku duba katin yaro yau, in an tsallake wata allura a koma asibiti cikin satin nan. Allah Ya raya mana zuriya.