Soson Da Ke Tsaron Ran Inji

Kwanakin baya mun ziyarci wata ƙungiyar masu noman rani, muka tarar da injin ban ruwansu a kwance ƙarƙashin mangwaro, alhali tumatur na bushewa a fadama. Suka ce injin bai cika shekara biyu ba, amma ya kama shan baƙin mai, yana hayaƙi, ƙarfi kuwa babu. Muka buɗe akwatin iska. Wayam! Wani ya cire soson tun bara, wai inji ya fi gudu in babu shi.

To, 'yan'uwa, abin da za mu faɗa ke nan: ba tsufa ke kashe yawancin injunanmu da baburanmu ba, ƙura ce. Mai tare ƙurar nan kuwa ɗan soso ne wanda bai wuce tafin hannu ba. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin sayen inji, amma ta kasa sa mutum guda ya riƙa wanke soson nan, ba ta gama shiri ba tukuna.

Mu duba dalili. Inji ba da fetur kaɗai yake aiki ba, sai da iska. Kafin ya ƙone lita 1 ta fetur, yakan zuƙi iska wajen lita 9,000, watau cikin duro 45 ke nan. A lokacin hunturu iskar nan cike take da hazon da ke tasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ga kuma ƙurar hanya da ta sussuka. Ƙurar nan akwai garin yashi a cikinta. In ta shiga inji sai ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa cin ringi da fistin da bangon silinda kamar yadda dutsen wāshi ke cin wuƙa. Ba a jin ƙarar ɓarnar. Sai ran da inji ya ƙi tashi a sani.

Masu ƙera injuna sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da babur CG125 domin ƙasashen da hanyoyinsu ke da ƙura, makanikai kuma ba su da yawa, ya sa masa soson da za a iya wankewa a mayar. Babura masu ƙafa huɗu da manoman Amurka da Ostareliya ke zagaya gonaki da su, yawancinsu irin soson nan ne a ciki. Watau an yi shi ne domin mai inji ya gyara da hannunsa, ba sai ya je birni ba.

Wani zai ce, ai muna kakkaɓe shi. Nan ne kuskuren yake. Soso busasshe ba ya tare ƙura mai laushi, ta ramukansa take wucewa. Man da aka shafa masa shi ne ke kama ta, kamar yadda danƙo ke kama tsuntsu. Soso ba mai, tamkar ƙofa ce ba ƙyaure.

Ga yadda ake yi. A kashe inji, a goge bayan akwatin kafin a buɗe. A ciro soson a hankali, a toshe bakin kafireto da tsumma mai tsabta domin kada datti ya faɗa. A wanke soson da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye har ruwan ya fito fes. Idan maiƙo ya yi yawa, a fara da kananzir. A matse shi tsakanin tafin hannu, kada a murɗa kamar wanki, gama murɗawa na yaga shi. A shanya a inuwa har ya bushe sarai. Sa'an nan a zuba masa baƙin mai sabo, ba wanda aka juye daga inji ba, a mammatsa har ya ratsa ko'ina, a matse ragowar. Ya zama da danshin mai, amma ba ya ɗiga. In mai ya yi yawa inji zai yi hayaƙi, fulogi ya yi baƙi. A goge cikin akwatin, a cire tsumman, a mayar da soson ya zauna daidai ba ɓaraka. In ya yage ko ya fara marmashewa, a sake sabo.

Abu biyu muke jan kunne a kansu. Na fari, kada a wanke da fetur. Mun san ya fi sauri, amma yana lalata soso da gam ɗin da ya haɗa shi, ga kuma haɗarin gobara. Na biyu, wasu injuna matacinsu na takarda ne. Shi wannan ba a wanke shi, ba a sa masa mai. Kakkaɓewa ake yi, in ya toshe a canza.

Masu cewa inji ya fi ƙarfi ba soso, suna da 'yar gaskiya. Soson da ya toshe yakan shaƙe inji, ya sa shi shan fetur, da an cire sai ya wartsake. Amma maganin toshewa wanki ne. Wanda hanci ya toshe masa ba ya yanke hancin.

Littafin ƙananan injunan Honda ya ce a wanke bayan aikin awa 50 ko wata 3, a kuma yawaita in wurin na da ƙura. Injin da ke ban ruwa awa 8 kullum zai cika awa 50 cikin mako guda. Saboda haka shawararmu ita ce, a lokacin rani a wanke kowane mako.

Matsalar kayan ƙungiya ita ce kowa na aiki da shi, kowa kuma na zaton wani ne zai duba. Don haka muna roƙon kowace ƙungiya, a taronta na gaba, ta yanke abu uku. A zaɓi mutum guda mai kula da inji, a rubuta sunansa. A sayi soso na biyu, domin in ɗaya na shanya ɗaya na aiki. A ajiye ɗan littafi, a riƙa rubuta ranar wanki, ma'aji ya duba shi kamar yadda yake duba littafin kuɗi. Wanda ya ari inji ya dawo da shi ba soso, shi zai biya.

Kuɗin sabulu da ludayin baƙin mai ba su kai komai ba in an gwada da kuɗin ringi da fistin da ladan bakanike, balle asarar tumatur ɗin da ya yi kwana uku ba ruwa. Rigakafi ya fi magani. Kafin ka tayar da inji gobe da safe, buɗe akwatin nan ka duba.